Yarona ya ce zai shiga firatanati a jami'arsu ta Amurka, dan Allah waɗanda suka sani su yi min bayani

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman gare ku da kuke Amurka ko kuka yi karatu a can. Yarona yana shekara ta biyu a jami'a, jiya muna waya yake ce min wai yana son shiga wata ƙungiya ta ɗalibai maza da suke kira firatanati, sunanta wasu haruffa ne guda uku na Girkanci, wai har gida gare su na kansu a gefen makaranta, kuma akwai kuɗin da zai riƙa biya duk zango. Ni ina jin an ce maza zalla, ga rantsuwa, ga abubuwan da ba a faɗa wa na waje, sai gabana ya faɗi don mu nan gida mun san abin da ake nufi da haka. Babansa ya ce kar ma in sake kawo masa zancen. Shi kuma yaro ya dage wai ba ƙungiyar asiri ba ce, makaranta ta san da su. Wlh na rasa wanda zan bi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bi maganar mahaifinsa. Karatu aka tura shi ba neman 'yan uwa ba, 'yan uwansa suna nan gida.

Injiniya Bash: Hajiya barka da dare. Ni na shiga irin wannan ƙungiya lokacin da nake digirin farko a can, har na riƙe ma'ajin reshenmu, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona. Da farko dai gaskiya yaronki ya faɗa, ba a ɓoye suke ba. Jami'a tana da ofis guda da ke kula da su, sunan kowane memba yana rubuce, suna saka rigunan da ke ɗauke da haruffansu suna yawo da su cikin makaranta da rana tsaka. Abin ya daɗe sosai, ta farko da ta fara amfani da haruffan Girka ita ce Phi Beta Kappa a 1776 a kwalejin William and Mary, sannan irin waɗanda ake gani yanzu suka faro daga Union College ta jihar Niyok a 1825. Yawancin ƙungiyoyin suna da hedikwata ta ƙasa, sai rassa a jami'o'i daban daban, kuma reshen shi ne inda rayuwar take.

Yadda ake shiga, farkon zango akwai mako guda da suke buɗe ƙofa, ka je gida gida ka ci abinci ku yi hira su ganka ka gansu. In kun yi wa juna sai su ba ka takardar gayyata. In ka karɓa sai ka shiga lokacin gwaji na wasu makonni, ka haddace tarihin ƙungiyar da sunayen waɗanda suka kafa ta, a haɗa ka da wani babba a cikinsu ya zama yayanka, a ƙarshe a rantsar da kai. Daga nan kuma rayuwar ba wani abin mamaki a ciki. Mu duk daren Lahadi muke zaman reshe, kowa da kwat da nakatai, shugaba ya buɗe taro, sakatare ya karanta bayanin zaman baya, ni kuma in miƙe in karanto sunayen waɗanda ba su biya kuɗi ba suna hararata. Akwai sa'o'in karatu na dole a laburare, takarda ce a kan tebur kana zuwa ka sa hannu kana tashi ka sa hannu, wanda makinsa ya yi ƙasa da abin da aka ƙayyade a dakatar da shi. Ranar Asabar da sassafe mu saka riguna masu ruwan lemo mu je tsince shara a wani yanki na babbar hanya da aka ba mu, cikin sanyin da yatsu ke ƙagewa. Aikina na farko bayan gama karatu wani tsohon memban reshenmu ne ya kai takarduna da hannunsa.

Malam Habu: Injiniya ka faɗi na Lahadi ka faɗi na safiyar Asabar. Ina na daren Juma'a?

Injiniya Bash: Malam ba zan ɓoye ba, akwai fati, akwai giya, akwai 'yan mata. Ni ban taɓa sha ba kuma duk sun sani, har ni suke ba makullin mota in mayar da mutane gida.

Malam Habu: To ai ka gama magana da bakinka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kai Allah ya tsare ka, shi yaron Hajiya wa ya ba mu tabbacin zai tsira? Yaro ɗan shekara sha tara, ba uwa ba uba a kusa, a gidan da ake jera kwalabe. Kuma ko bai sha ba, kuɗin da yake biya ai da shi ake sayo ta. Sannan ni babbar damuwata rantsuwar nan, da me ake rantsewa, a kan me, kuma me ya sa ba za ka iya faɗa wa mahaifiyarka abin da ka ce a wurin ba?

Dakta Uwani: Hajiya tsoronki yana da tushe, kar wani ya raina shi. Ni a jami'a nake koyarwa a nan gida kuma tarihin nan mun san shi. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, kuma da kyakkyawar niyya suka fara, yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'ya'yan masu hali da ke kwaikwayon Turawa. Ba wanda ya ɗauki makami a lokacin. Daga baya aka fara ɓallewa, Buccaneers suka fita a 1972, Black Axe ta taso a Jami'ar Benin a 1977, sai gasa, sai gaba, sai bindiga. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife da tsakar dare suka kashe ɗalibai biyar, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade. To duk uwar da ta rayu a wannan zamani in ta ji ɗanta zai yi rantsuwa a ƙungiyar maza dole hankalinta ya tashi. Amma adalci shi ne a ce na Amurka ba haka suke ba, ba sa yaƙar juna da makami, ba sa yi wa malamai barazana a ba su maki. Matsalarsu daban ce, kuma ita ma tana kisa.

Anti Rabi: Yawwa Dakta, nan nake jira a zo. Ni nas ce a nan Amurka kuma na yi aiki a sashen gaggawa a garin da ke da babbar jami'a. Injiniya ka yi haƙuri amma ka tsallake lokacin gwajin nan da sauri kamar haddar sunaye ce kawai. A nan ake gwale-gwalen. A hana yaro barci, a sa shi wanke banɗakin gidan da buroshin haƙori, a kira shi ƙarfe uku na dare ya kawo abinci, a wasu wuraren a doke shi, mafi muni a ɗura masa giya. Farkon zango mun san za a kawo mana su, yaro kwance a gadon turawa ba ya ko motsi, rigarsa duk amai, abokansa biyu tsaye a bakin ƙofa kowa na kallon ƙasa, ka tambaye su me ya sha, nawa ya sha, ba mai buɗe baki saboda tsoron kar a rufe musu reshe.

Hajiya ki nemi labarin Timothy Piazza. Ɗan shekara 19 ne yana karatun injiniya a Penn State. Daren 2 ga Fabrairun 2017 ya je gidan ƙungiyar Beta Theta Pi karɓar gayyata, aka jera su ana ba su giya daga wannan hannu zuwa wancan, masu gabatar da ƙara suka ce ya sha aƙalla kofi 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ya faɗo daga matattakalar ɗakin ƙasa. Suka ɗauko shi suka ajiye a kan kujera, wani ya mare shi wai ya farka, wani ya zuba masa ruwa, aka kwana ba wanda ya kira motar asibiti sai bayan kusan awa 12. Kyamarorin gidan sun ɗauki kusan komai. Ranar 4 ga wata ya rasu. Waɗanda suka bar shi kwancen nan su ne masu ce masa ɗan uwa. Kuma abin da ya fi ci min rai, a takarda gidan nan ba a yarda a sha giya a cikinsa ba.

Maman Sadiƙ: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti jikina duk ya yi sanyi.

Injiniya Bash: Anti Rabi ba ƙarya a maganarki ko ɗaya, labarin nan duk wanda ya taɓa zama memba ya ji shi a ransa. Abin da nake so Hajiya ta gane shi ne reshe da reshe ba ɗaya ba ne, ko da sunan ƙungiya ɗaya suke ɗauke da shi. Wani reshen yaran kirki ne masu karatu, ka tsallaka jiha ka tarar da masu haruffa iri ɗaya sun mai da gidansu mashaya. Shi ya sa tambayar ba wace ƙungiya ba ce kawai, wane reshe ne, su wane ne a ciki yanzu.

Alhaji Sani Kumasi: Salam jama'a, ni daga zango nake bin ku. Kar mu manta akwai na baƙaƙen fata su ma, kuma tarihinsu abin alfahari ne. Lokacin da Turawa ba sa karɓar baƙi a nasu, ɗalibai bakwai suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906. Martin Luther King ɗan cikinta ne, haka Thurgood Marshall baƙar fata na farko a kotun ƙolin Amurka. Mu namu Kwame Nkrumah da ya je Jami'ar Lincoln ya shiga Phi Beta Sigma, ku ma naku Nnamdi Azikiwe ita ya shiga, ita kuwa a Jami'ar Howard aka kafa ta a 1914. Mutanen da suka karɓo mana 'yanci kenan fa. In yaro zai shiga to ya nemi irin waɗannan.

Ummi: Kawu Alhaji gaskiya ne, a makarantarmu su ne suka fi kowa fitowa aikin al'umma, rajistar masu zaɓe, koyar da yaran unguwa, tara tallafin karatu. Manyan ƙungiyoyinsu duka tara ne, biyar na maza huɗu na mata. Kuma in kin ga ranar da suke fito da sababbin membobi Anti Hajiya sai kin tsaya kallo, fili ya cika, yaran su shigo a layi fuskarsu a rufe, su yi ta buga ƙafa da tafi a tare kamar mutum ɗaya, sai a buɗe fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya iyayensu na ihu a gefe. Da dare in na dawo daga laburare ina jin su suna atisaye a wurin ajiye motoci, ƙasa har girgiza take. Kowa da launinsa, Alpha baƙi da ruwan zinare, Sigma shuɗi da fari, Kappa Alpha Psi ja kuma da sandunansu. Su yawanci ma ba su da manyan gidajen nan irin na Turawa.

Anti Rabi: Alhaji da Ummi duk na yarda, kuma ina ganin girmansu. Amma kar mu yaudari Hajiya. Tun 1990 shugabanninsu suka haramta lokacin gwajin nan a hukumance saboda mace-mace, sai abin ya koma ƙarƙashin ƙasa. A Fabrairun 2025 Caleb Wilson, ɗan shekara 20 a Southern University ta jihar Luwiziyana, ya rasu bayan an yi ta naushinsa a ƙirji a wani sito da ke wajen makaranta, yana neman shiga Omega Psi Phi. Baƙar fata ne, a hannun baƙaƙen fata. A na Turawa giya ce ta fi kisa, a na baƙaƙe kuwa bugu ne. Wasunsu har ƙarfe mai zafi suke ɗora wa kansu a dantse su yi tambarin harafin ƙungiya, na sha ganin tabon a jikin marasa lafiya.

Malam Habu: Subhanallah. Tambari da wuta a jikin ɗan Adam? To wannan kam ba sai an tambayi malami ba.

Injiniya Bash: Malam tambarin ba dole ba ne, ba ya cikin dokar kowace ƙungiya, masu yi su suka ga dama. Kan rantsuwa kuma da ka tambaya, ban tsallake ba. Ni abin da na yi alkawari a kai shi ne riƙon amana, taimakon ɗan uwa, da ɓoye kalmomin gaisuwa da ma'anar haruffa, ban rantse da wani abin bauta ba. Amma gaskiya da yawansu Kiristoci ne suka kafa su, akwai waɗanda ake karanta Baibul ko a yi addu'arsu a wurin bikin, akwai masu kunna kyandir a rufe wa mutum ido. Yaro musulmi yana da haƙƙin ya tambaya tun kafin ya karɓi gayyata, ko akwai sujada ko durƙuso ga wani abu, ko akwai rantsuwa da wanin Allah. In suka ce sai ka shiga za ka gani to ya kama gabansa.

Malam Habu: Ni dai har yanzu ban ga abin da zai samu a can wanda babu shi a masallaci ba.

Ummi: Malam ka yi haƙuri in ɗan sa baki, ni ɗaliba ce a nan yanzu haka kuma ina ganin akwai abin da iyayenmu ba sa gani daga gida. Kaɗaici. Wlh kaɗaicin ƙasar nan ba a iya kwatanta shi a waya. Ka fito daga gidan da mutum goma ke cin abinci tare ka dawo ɗaki kai kaɗai, lokacin sanyi ƙarfe biyar duhu ya yi, ka wuni ba wanda ya kira sunanka daidai, ranar sallah kana aji kana jarrabawa. Sai ga wasu sun zo sun ce zo mu ci abinci, zo mu buga ƙwallo, ga ɗaki, ga yaya, ga wanda zai ɗauko ka daga filin jirgi. Dole zuciya ta karkata. In aka ce masa a'a kawai aka kashe waya kaɗaicin yana nan inda yake, kuma zai iya shiga bai faɗa wa kowa ba tunda a dokar nan shi baligi ne. Anti Hajiya ki gode Allah ma da ya tambaye ki.

Dakta Uwani: Ummi Allah ya yi miki albarka, wannan ita ce maganar.

Ummi: Amin Anti Dakta. Kuma akwai wasu ƙofofin. Kusan kowace babbar jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai musulmi, tun 1963 aka kafa ta a Jami'ar Ilinoi, su ke shirya Juma'a da buɗa baki. Akwai ƙungiyar ɗaliban Afirka. In haɗin aiki yake nema akwai firatanati na sana'a irin Theta Tau ta injiniyoyi da Alpha Kappa Psi ta 'yan kasuwanci, akwai Alpha Phi Omega da aikinta hidimar jama'a ne. Har ta musulmi akwai, Alpha Lambda Mu, suna kiranta Alif Lam Mim, a Jami'ar Teksas ta Dalas aka fara ta a 2013, ba giya ba fati irin wancan, sai dai ba ko'ina take da reshe ba.

Malam Habu: Haruffan farkon Baƙara suka sa wa ƙungiya? Wannan ma sai an zauna a kansa. Amma dai ya fi gidan giya nesa ba kusa ba.

Abban Hibba: Ni nawa ɗan guntu ne, maganar kuɗi da biza. Hajiya kuɗin nan ba ƙarami ba ne, ɗaruruwan daloli ne duk zango, in zai kwana a gidan ya ci abincinsu ya kai dubbai, ban da kuɗin shiga da riguna da tarar rashin zuwa taro, ki auna da canjin yau. Sannan a Amurka ba a yarda wanda bai kai 21 ya sha giya ba. Ɗan ƙasa in 'yan sanda suka kama shi a fati ubansa zai ɗauko lauya a wuce wurin, naki yaron da bizar ɗalibi yake zaune, kama shi kawai na iya jawo masa matsala, in kuwa tuƙi ne cikin maye ana soke biza a kan haka. In makaranta ta kore shi kuma takardar zamansa ta tafi. Wannan shi ya kamata babansa ya zaunar da shi a kai maimakon rufe zancen.

Maman Sadiƙ: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To yanzu ta ina zan san ko nasu reshen na kirki ne? Ni ko turancin nan ba sosai ba.

Anti Rabi: Hajiya turo min sunan makarantar da na ƙungiyar ta akwatin sirri in duba miki. A Disambar 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka samu da laifin gwale-gwale a shafinsu, da abin da suka yi da hukuncin da aka yanke. Jami'o'i da yawa kuma suna fitar da matsakaicin makin kowane reshe duk zango. A fara tabbatarwa makaranta ta amince da reshen, don akwai waɗanda aka kora amma suna ci gaba a gidan haya a waje da haruffansu, waɗannan su ne mafi haɗari. Sai ki ce ya kai ki gidan ta bidiyo ranar Lahadi da safe ba tare da ya sanar da su ba, ki ga falon da kicin ɗin da idonki, ki tambaye shi a ina zai yi sallah. Kuma ko ya shiga ko bai shiga ba ki ja masa kunne, duk ranar da ya ga wani ya sha ya faɗi ba ya amsawa ya kira lambar agajin gaggawa 911 nan take kar ya jira izinin kowa, jihohi da makarantu da yawa suna da dokar da ke kare wanda ya kira neman agaji.

Dakta Uwani: Injiniya tambaya ɗaya ta rage min. A nan gida abin da ya sa muke tsoron ƙungiyar asiri shi ne in ka shiga ba fita. A can fa?

Injiniya Bash: Ana fita Dakta. Lokacin gwaji ko yaushe ka ga dama ka ce ka fasa, iyaka wasu su daina gaishe ka a hanya, kuma yara da yawa wannan kunyar ce ke sa su daure wa abin da bai kamata ba. Bayan rantsuwa sai ka rubuta takarda zuwa reshe da hedikwata ka mayar da bajonka. Abu biyu ne dai, yawancinsu in an riga an rantsar da kai a ɗaya wata irinta ba za ta karɓe ka ba, sannan bashin kuɗin ƙungiya ba ya mutuwa don takardar yarjejeniya ka sa wa hannu, ni da kaina lokacin ina ma'aji akwai sunayen da muka miƙa wa kamfanin karɓar bashi. Don haka Hajiya duk takardar da za su ba shi ya turo wa Abban Hibba ko Anti Rabi su karanta tukuna kafin ya sa hannu.

Abban Hibba: Ya turo, ina nan har sha ɗayan dare agogonmu.